HULAR DA KE KANKA, WA YA ƊINKA TA?

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare in ya natsu.

A watan Afrilun 2025 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a kafa hukumar bunƙasa auduga da masaƙu da tufafi. Kafin nan, a 2019, Babban Banki ya daina bai wa masu shigo da yadi dala, wai don masaƙun gida su farfaɗo. Duk sanda irin wannan labari ya fito sai ka ga shafukanmu sun cika da hotunan tsofaffin masaƙun Kakuri a Kaduna da na Bompai da Sharaɗa a Kano, rufi ya ɓurme, ciyawa ta cinye injuna, kowa yana Allah wadai. Ni ma ina cikin masu fatan su dawo, don na san gidajen da tukunyarsu ta daina tafasa tun ranar da aka rufe ƙofofin nan.

Amma akwai wata masaƙa da ba na jin ana ambatonta a waɗannan taruka. Ba ta da bututun hayaƙi, ba ta da manaja. A jikin bangon ɗaki ake jingine ta, kuma ta girmi ta Kakuri da ɗaruruwan shekaru. A kanta nake son mu yi magana, ta hanyar mace ɗaya da na sani ciki da bai, wato Gwaggona, yayar mahaifina, da ke zaune a yankinmu na Surko a ƙaramar hukumar Birnin Kudu. Ba zan faɗi sunanta ba, don in ta ji na sa ta a Facebook sai na yi wata ban sha furarta ba.

Gwaggo ba ta san shekarar haihuwarta ba. Abin da take cewa shi ne tana goyon ɗanta na fari aka yi canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo. Wannan 1973 ke nan, sai ku yi lissafi. Tun kafin ta iya daka aka ɗora mata mazari a hannu, a gaban kakarta. Ga yaran yanzu da ba su taɓa ganin kaɗi ba, bari in ɗan zayyana. Auduga in an tsinko ta daga gona sai an gurje ta, a ɗora kan dutse ko katako a murza da siririn ƙarfe har angurya ta fita. Sai shiɓa, a yi ta kaɗa tsirkiyar ɗan baka a cikinta har ta tashi ta yi laushi. Sai a naɗe ta sutu-sutu. Daga nan ne kaɗi: hannun hagu na riƙe da sutu a sama, na dama na murza mazari, ana shafa alli a yatsu don kada santsi ya hana. Siririn zare mai ƙarfi shi ake yin wadari da shi, wato wanda ake miƙewa a tsaye. Mai kauri da taushi, abawa, shi ke ratsawa. Mace ɗaya sai ta yi makonni tana kaɗi kafin ta tara abin da zai isa zane guda.

Saƙa a ƙasar Hausa iri biyu ce. Ta maza ita ce ta zaune a rumfa, ƙafa na taka allera, hannu na jefa ƙoshiya, an ɗaure zaren can nesa a jikin dutsen da ake ja, wanda ake kira kunkuru. Wannan tana fitar da ƙyalle siriri mai tsawo, sai an harhaɗa da yawa a ɗinke kafin a sami riga. Ta mata kuwa a tsaye take, faffaɗa, a cikin gida. Ita Gwaggo ta gada. Da ita take fitar da gwado na lulluɓa lokacin hunturu, da zanen ɗaurawa, da majanyin goyo. Duk 'ya'yan gidanmu da majanyinta aka goya mu.

Abin da ya sa nake kiranta gwana, ba mai sana'a kawai ba, shi ne yadda take tsara ratsi. Ba takarda, ba awo. A ka take riƙe lissafin: zare nawa fari, nawa baƙi, ina shuɗi zai shigo, ina za a bar fili ido ya huta. Wani lokaci sai ta kai rabin gwado ta tsaya, ta ja baya ta ƙura masa ido, ta ce bai zauna ba, ta warware aikin kwana biyu. Na taɓa ce mata, "Gwaggo, wa zai lura da wannan? Bargo ne fa, cikin duhu za a lulluɓa." Sai ta ce, "Kai ɗan nan, ni ai na gani." Kuma matan unguwa suna gane aikinta ko a kan igiyar shanyar wani gari suka hango shi. Wannan a wajen masu zane da fenti shi ake kira hannu, kuma shi ake biyan kuɗi mai yawa a kansa.

Kuɗin kaɗi da saƙa su ne asusun macen karkara a wancan zamani. Tana cikin kulle, ba ta zuwa kasuwa, amma zarenta yana zuwa, ta hannun yara ko dillaliya. Da shi take zubin adashi, ta yi bikin ƙawaye, ta tara wa 'ya'yanta mata kwanuka da tasoshi na kayan ɗaki. Shekarar da damina ta yi gardama rumbu ya yi ƙasa, Gwaggo ta ce gwadunanta uku aka kai kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram aka dawo da dawa. Mijinta, Allah Ya jiƙansa, har ya rasu yana ba da wannan labari.

Kada wani ya ɗauka ƙaramin abu ne na ƙauye. Irin waɗannan mata su ne gindin arzikin Kano na da, kuma kar mu manta har zuwa 1991 da aka ƙirƙiri Jigawa, Birnin Kudu da Gwaram ƙasar Kano ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafi. Ya rubuta cewa kayan da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa har Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, har Tambutu ta yamma, ya kuma ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla. Kuma ya lura ba a manyan masana'antu ake yin aikin ba, a cikin gidaje ne, iyali na yi ba tare da sun bar gonarsu ba. Garin Kura ya yi suna da baƙin rawani mai ƙyalli da turkuɗi, waɗanda Buzaye ke ƙetaro Sahara su saya. Karofin Ƙofar Mata, da ake cewa tun 1498 yake, yana nan har gobe. Akwai saƙi mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa, akwai barage, akwai rigar tsamiya da ake samun zarenta daga gidan wata tsutsa, a dafa da toka a kaɗa. A bisa rigar kuma maɗinka su zauna watanni suna fitar da aska biyu ko aska takwas. To duk wannan daula, daga marini har mabugi har fatake, a kan me ta tsaya? A kan mazarin mace. In ba ta kaɗa ba, babu mai saƙawa.

Akwai wani abin tarihi da nake jin daɗin tunawa. Turawan Ingila sun kafa ƙungiyar noman auduga a 1902, suna kallon ƙasar Hausa a matsayin gonar da za ta ciyar da masaƙunsu na Lancashire. Yana cikin dalilan da suka sa aka jawo layin dogo har Kano a 1911. Da jirgi ya iso sai lissafi ya ƙi fita, domin masaƙan gida suna sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature. Manoma suka bar wa gida audugarsu, suka cika wa jirgi gyaɗa. Wato kakanninmu da mazari da ƙoshiya sun yi ciniki da Manchester sun kayar da ita a kasuwar ƙofar gidansu.

Daga baya dai zamani ya yi halinsa. Sardauna ya kawo masaƙar KTL a Kaduna a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, wasu suka bi. Akoko da atamfa suka yi arha, zaren kanti ya shigo da launuka iri-iri. Gwaggo ta ce da farko murna suka yi, don zaren kanti ya rage musu wahala, kuma ya ba ta ja da kore da ruwan ɗorawa da ba ta da su a da. Amma sannu a hankali amarya ta daina son zanen saƙi a lefe, bargon kanti ya kori gwado, tawul ya kori majanyi. Su ma masaƙun da suka kori nata ba su tsira ba: KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, saboda rashin wuta da tsadar man injin da kayan fasa-ƙwauri. Yau ka shiga Kantin Kwari, mafi yawan abin da ke jibge daga Sin ya zo. Babban kifi ya haɗiye ƙarami, wanda ya fi shi ya zo ya haɗiye shi.

Ita Gwaggo ba ta zauna kuka ba. Da ta ga saƙa ba ta ciyarwa sai ta koma ɗinkin hula, kamar dubban mata a Jigawa da Kano da Bauchi da Borno. A nan ne maganar tawa take, don wannan ba tarihi ba ne, yau ake ciki.

Ga yadda abin yake tafiya. Mai ba da aiki yana zuwa daga gari da ƙyallen da aka riga aka yanka aka zana, da zaren da za a yi amfani da shi. Ya rarraba gida-gida. Mace ta karɓa, ta yi ta bin zanen nan da allura, huda bayan huda, tsakanin girki da wanki da rainon jikoki. Hula mai cikakken aiki tana cin makonni, wata ta haura wata guda. In ta gama ya zo ya karɓa ya biya ladan ɗinki. Daga nan a haɗa kai da jiki, a kai wa masu wankin hula su wanke su sa sitaci su ɗora a kan itace ta bushe ta tsaya, sai kanti a Kano ko Abuja. A kowane mataki kuɗi na ƙaruwa. Wadda ta fi kowa daɗewa a kan hular, wadda idonta da bayanta suka biya, ita ce mai ƙaramin kaso. Na zauna na yi lissafi da ita a bara: ladan hular da ta ci mata kusan mako uku bai kai ya sayi kwano uku na gero ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya ninka, kuɗin mota, kuɗin zare, kuɗin magani. Ladan allura ne kaɗai ke tafiyar hawainiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba na cewa masu ba da aikin nan azzalumai ne. Da yawansu su ma lallaɓawa suke, jarinsu na kwance wata da watanni, kuma ba don su ba da babu aikin ma gaba ɗaya. Matsalar ita ce macen ba ta san nawa ake sayar da aikinta ba, ba ta san wa ya saya ba, shi ma mai sayen bai san da ita ba. Wanda bai san farashi ba kuwa ba ya ciniki, sai dai ya ce Allah Ya amfana.

Wani abu ya faru da ya tsaya mini a rai. Gwaggo ba ta iya bin zanen wani ido rufe. An kawo mata wata hula da zare kala huɗu, ta duba ta ce launukan faɗa suke da juna. Ta ajiye ɗaya, ta ɗauko ragowar wani zare mai ruwan ƙasa daga cikin gwangwaninta, ta kuma sauya yadda ƙananan gidajen zanen ke haɗuwa, ta mayar da su irin ratsin da take yi a bakin gwado. Mai aikin da ya zo ya yi ta faɗa, wai ta ɓata masa kaya, har ya rage mata lada. Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo da guda biyar, yana washe baki, wai irin waccan ake so. Bai mayar mata da abin da ya rage ba, bai kuma ƙara mata ko sisi a kan sababbin ba. Shekara ba ta zagayo ba na ga mai kama da ita sak a wani kanti a Kano, ta inji, an jera su dozin-dozin, kuɗinsu bai kai rabin na ta hannu ba. Da na ba ta labari dariya ta yi ta ce, "To ai sai su yi ta yi, gobe in Allah Ya kai mu wani zan fitar." Ita ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Yanzu idon ya fara gajiya. Sai ta kira jika ta zura mata zare a allura. Da rana take aiki a bakin ƙofa inda haske yake, da dare kuwa tocila ake ɗaura mata, in akwai batir. Masaƙar tana nan a jingine a ƙuryar ɗaki, ta rufe ta da tsohon buhu. Abu na ƙarshe da ta kaɗa ta saƙa da audugar gonarmu fari ne tas, ba ratsi ko ɗaya. Ta ninke shi ta sa a ƙasan akwati da ɗan turare. Kowa a gidan ya san na mene ne. Haka tsofaffin matanmu suke yi tun asali, ba sa son a je kanti a yanko musu na ƙarshe.

To bari mu leƙa waje mu ga yadda wasu ke yi da irin Gwaggo.

A nan Najeriya akwai Nike Davies-Okundaye, haifaffiyar Ogidi a jihar Kogi a 1951. Ita ma a gaban kakar gidansu ta koyi saƙa da rinin adire, ba ta yi zurfi a boko ba. A 1983 ta buɗe cibiyar koyarwa a Osogbo, yau tana da katafaren gidan baje kolin zane a Lekki ta Legas, jami'o'in Turai da Amurka na gayyatarta ta koyar. A Mali akwai Aboubakar Fofana, wanda ya koma kan rinin baba na gargajiya, irin dai na karofinmu, har aka baje aikinsa a babban bikin fasaha na documenta a 2017. A Amurka akwai wani ƙauye a jihar Alabama da ake kira Gee's Bend, inda matan baƙaƙen fata, jikokin bayi, suke harhaɗa tsummokaran tufafi su ɗinka bargo don maganin sanyi. A 2002 aka rataye bargunan nan a manyan gidajen tarihi na Houston da New York, a 2006 aka buga su a kan tambarin gidan waya. Wallahi na kalli hotunansu, na kalli gwadon Gwaggo, ban ga abin da zai sa nata ya sunkuyar da kai ba. Bambancin da na gani ɗaya ne: su an rubuta sunansu a ƙasan aikin.

Ko a kusa da mu akwai misali. A cikin birnin Zariya, tun 1994 wasu mata masu ɗinkin hannu suka haɗu a ƙungiyar da suka sa wa sunan Sarauniya Amina, suna ɗora irin aikin babbar riga a kan wasu tufafi da kayan ɗaki, suna sayarwa da sunan ƙungiyarsu har ƙasashen waje. A Burkina Faso, Thomas Sankara ya sa ma'aikatan gwamnati sanya Faso Dan Fani, saƙin ƙasarsu, kuma har yau masaƙan can na cin albarkacin wannan. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa saƙar kente ta Gana cikin kayan gadon duniya. A wannan zama dai aka sa Hawan Sallar Kano, muka yi ta murna, kuma ya cancanci murna. Amma ku cire rawani da alkyabba da babbar riga da kayan adon doki daga hawan nan, me ya rage? Mun yi tafi wa mahayi, ba mu tambayi wanda ya yi masa sutura ba.

Mu 'yan Birnin Kudu ya kamata abin ya fi damun mu. Muna alfahari da zanen shanun da ke jikin duwatsunmu, Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda masana suka yi rubutu a kansu tun shekarun 1950, gwamnati ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa. In baƙo ya zo can muke kai shi. Waɗanda suka yi zanen sun tafi da sunayensu, ba yadda za mu yi. Amma ga masu zane da zare a raye cikin gidajenmu, a Surko da Sara da Gwaram da ko'ina, muna shan furarsu, mun bar su ba suna tun suna numfashi.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa: zamani ya wuce nan, ba mai komawa mazari, inji ya fi sauri ya fi arha. Gaskiya ne, kuma ba na kiran a tufatar da mutum sama da miliyan 200 da saƙar hannu. Talaka ya sayi hular inji daidai aljihunsa, ba laifi. Amma aikin hannu kasuwarsa daban ce, kuma tana nan da ranta. Ku dubi kawunan 'yan majalisa da gwamnoni da angwaye. Akwai mai hula hamsin a ɗaki, kowace ya san sunanta, wannan Zanna Bukar, wannan damanga, wannan 'yar Bama, ya san ta hannu ya san ta inji tun daga nesa, kuma ba ya jin ciwon biyan kuɗin ta hannun. Kuɗin yana nan. Hanyar da zai bi ya isa ɗakin da aka yi aikin ce babu.

Abin da nake gani za a iya yi, ba sai an jira Abuja ba:

Na ɗaya, mu masu saye mu fara tambaya. In za ka sayi hula ta hannu, ka ce wane gari aka ɗinka ta? In 'yan kasuwa suka ga ana tambaya za su fara riƙe amsa. In kana da 'yar uwa mai ɗinki, ka saya mata zare da ƙyalle ka ba ta aikin kai tsaye, ka biya ta abin da za ka biya a kanti. Ni yanzu haka nake yi, abokan aikina uku ma sun bi.

Na biyu, matasanmu masu waya. Kullum muna kukan ba aikin yi, alhali a bayan ɗakinka akwai kayan da ake nema a Abuja da Yamai da Jidda. Ku haɗa iyayenku mata goma ko ashirin su zama ƙungiya, ku ɗauki hoto mai kyau, ku sa a Facebook da WhatsApp da TikTok, a liƙa ɗan ƙyalle a cikin kowace hula mai sunan gari da alamar wadda ta ɗinka. Ba dole sai sunanta na yanka ba in gidan ba sa so, alama ta isa. Amma a ji tsoron Allah, kada ɗa ya zo ya zama sabon gardin.

Na uku, gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi. An sha raba keken ɗinki a taron siyasa, washegari a gan shi a kasuwa. Waɗannan mata ba keke suke buƙata ba. Gwajin ido da tabarau, fitila mai aiki da hasken rana, da ɗan jarin da za su sayi zarensu da kansu, su ne za su sauya musu rayuwa. Sannan duk kyautar da gwamnati za ta bai wa baƙo, me zai hana ta zama gwado ko hular da aka yi a Jigawa, da sunan garin a jiki?

Na huɗu, masu ilimi. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse, muna da ta jiha a Kafin Hausa, ga sashen koyar da zanen masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke da ɓangaren tufafi. Ɗalibi ɗaya da waya ɗaya zai iya zama da tsohuwa mako guda ya naɗi yadda ake gurza da shiɓa da kaɗi da wadari, da sunan kowane ratsi. A unguwarmu, masu iya kafa masaƙar tsaye daga farko har ƙarshe ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma dukkansu sun manyanta. Wannan aikin ba ya jiran kasafin kuɗin baɗi.

Akwai ɗan abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa. Jikar nan da ke zura wa Gwaggo zare, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, ta fara ɗinka nata. Kuma an ce ita ma ba ta bin zane yadda aka kawo shi, sai ta sauya. Uwarta na faɗa, Gwaggo na cewa a ƙyale ta. Ko za ta riƙe abin ko za ta watsar, ya danganta da abin da ta ga ya samu kakarta. Yaran yanzu suna da lissafi. In ta ga mako uku na aiki bai sayi kwano uku na gero ba, ba wa'azin al'ada da zai zaunar da ita.

Don haka ina da roƙo. Duk wanda ya karanta har nan, in a gidanku ko garinku akwai mai kaɗi, ko mai saƙa, ko mai ɗinkin hula ko riga, ko mai saƙar faifai da tabarma, ya rubuta mana sunan garin da irin aikin a ƙasa. Kada a sa sunan kowa ko lambar waya sai da izininsa. In akwai tsohon gwado ko zanen saƙi a akwatin kaka, a ɗauko a ɗauki hoto mu gani. Ina son mu san ko mu nawa ne, daga nan mu ga abin da za a iya haɗawa kafin Sallah, lokacin da kowa ke neman sabuwar hula.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da hasken ido, Ya sa wa sana'arsu albarka. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansu da rahama. Amin.